Gwaggo, In Goge Muryar Innata?

Assalamu alaikum, jama'ar wannan fili. Ya zafi, ya shirin damina? Wasiƙu uku na ɗauko a wannan karon, da na jera su a kan tabarma sai na ga ashe duk hanya ɗaya suka biyo, zancen waya ne da shekarar kullen korona. Ta farkon ta sa na kwana ina juyi, don haka ita za ta cinye filin, sauran biyun su yi haƙuri da ragowa. Sunaye na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo, barka da war haka, ya aiki, ya iyali? Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Albasu. Innata tana zaune ne a birnin Kano wajen yayana, Allah ya yi mata rasuwa ana saura kwana uku a kama azumin 2020, gari yana kulle. Ban je ba, ko gawarta ban gani ba. Maigidana kuma kullen ya ritsa da shi a Legas wajen ci-rani. Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan shi ne guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan ajin Islamiyya, da karatun malamai da nake saurare a Facebook, sai kuma saƙon murya guda biyu da Inna ta turo min ta wayar yayana kafin ta kwanta ciwo. A ɗayan ma faɗa take min wai ban aiko mata da kuka da daddawa ba. Har yau ina kunnawa in saurara. Yanzu wayar ta tsufa, sai ta mutu ta tashi da kanta. Da na yi zancen a gida, yayan mijina ya ce rashin tawakkali ne, mai neman sanyin zuciya wajen Allah yake nema ba a waya ba, in goge in huta. Gwaggo, laifi na yi? In goge?

AMSA

'Yata, Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Kada ki goge. Na faɗa miki tun da wuri don kar wayar ta mutu kina tsakiyar karanta surutuna.

Bari in ba ki nawa labarin. A shekarar nan ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim, irin wanda ake kira sha-ka-tafi, ritaya ta kusa. Waya mai shafawa ba ta daɗe a hannuna ba, autana ne ya bar min tsohuwar tasa, fuskarta a tsage kamar ƙasar fadama da rani. Sabis kuwa waje ɗaya yake sauka a gidanmu, gindin darbejiyar tsakar gida, shi ma sai ka miƙa hannu sama kamar mai tsinko mangwaro. Da kafaɗata ta gaji sai na buga ƙusa a jikin bishiyar na rataya tsohon kofin roba. A ciki wayar take yini tana tsotso saƙonni ɗaya bayan ɗaya, da la'asar in sauke ta in duba kamar mai leƙa akurkin kaza. Caji sai an kai wa wani yaro mai janareta a bakin tasha, naira 50, ya manna mata lamba a baya ya ba ka ɗan kwali mai irin lambar. Akwai sola a asibiti ta firjin allurar rigakafi, shaiɗan ya sha raɗa min a kunne, amma wannan amanar jarirai ce, ban taɓa jonawa ba.

Da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, mun ji a rediyo ne kamar labarin wata duniya. Ranar 11 ga Afrilu aka ce ta iso Kano, daren 16 aka kulle jihar, ranar 24 aka tashi da azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. A tsakanin waɗannan ranakun Innarki ta tafi. Mu nan Jigawa duk abinmu Kano yake kallo, can 'ya'yanmu suke, can ake tura mara lafiyar da ya gagare mu, can mai shago yake saro kaya. Da aka rufe ta sai ya zama kamar an ɗora dutse a bakin rijiyar gari.

Ni ma ina da guruf irin naku, na tsofaffin 'yan ajinmu na makarantar koyon aikin lafiya, mu talatin. Kafin annoba ba abin da ake yi a ciki sai sanarwar biki da suna da rigimar anko. Kuma in gaya miki gaskiya, a makon farko na kulle guruf ɗin nan bai sanyaya min zuciya ba, ƙuna ya ƙara mata. Waɗanda ke birni kullum da safe sai su jero sunayen waɗanda aka binne jiya, wane limami, wane farfesa, wance mahaifiyar wance. Na kai har in na hango kofin nan a jikin bishiya sai gabana ya faɗi. Kwana biyu na bar wayar a ƙarƙashin katifa.

Wata babbar yayarmu a ajin, wadda tun muna makaranta ba a musu da ita, ita ta gyara mu. Ta yi saƙon murya ta ce daga yau wadda aka yi wa rasuwa ta jikinta ta faɗa mu yi mata ta'aziyya, amma ba wadda za ta sake zama gidan rediyon maƙabarta. Ta raba mana izu sittin, kowacce biyu, wadda ta idar ta rubuto "na idar", ran Juma'a a yi addu'ar sauka. Ta kuma sa doka mai ban dariya, wai kowace rana mutum uku za su faɗi abin da suka yi na buɗa-baki, da baki ba da rubutu ba.

Wannan dokar ta ƙarshe ita ta fi min magani, ban kuma zata ba. Wata ƙawata da ke aure a wajen Birnin Kudu ta aiko nata, tana bayanin kunun tsamiya da ƙosan da ya sha mai. Ni ba ƙosan na saurara ba. A bayan muryarta ana daka a turmi, akuya tana kuka, wata yarinya tana cewa Umma ya ɗauke min ludayi. Sau huɗu na maimaita saƙon nan ina zaune a kan turmin gidana. Wato can ma ana daka, can ma yara suna faɗa a kan ludayi, duniya ba ta tashi ba. Shekara talatin da sanin matar nan, ban taɓa jin daɗin hayaniyar gidanta kamar ranar ba. Shi ya sa da kika ce a saƙon Inna faɗan kuka da daddawa take miki, na ce wannan shi ne mai tsadar. Ainihin Innarki ke nan, da ranta da lafiyarta da ƙorafinta.

Surukata tana da rai a lokacin, ta haura tamanin, ido ya yi nisa. Tun a watan Maris da Saudiyya ta dakatar da Umara hoton Ka'aba ya zaga wayoyi, farin dandamalin nan fayau babu mai ɗawafi ko ɗaya. Na nuna mata. Ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta, ta sa ɗan yatsa tana shafa gilashin, hoton ya gudu, ta ce in dawo mata da shi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce mahaifiyarta ta sha ba su labarin marisuwa, murar nan ta 1918, yadda ake dawowa daga binne wani a tarar da wani yana jira. Ta ce, "To ga shi ta wuce, ta haife ni, ni na haifi mijinki." Ta miƙo min wayar ta ce a zuba mata fura. Da azumi ya zo, Tarawin Harami an rage ta zuwa raka'a goma, 'yan ma'aikata ne kawai a sahu da tazara a tsakaninsu. Duk dare nakan kunna mata na minti uku zuwa biyar, iyakar abin da datata za ta ɗauka, mu tsaya a gindin darbejiya, ita a kan kujera 'yar tsugunne, ni hannu a sama.

Yanzu maganar yayan mijinki. Babba ne, ki girmama shi, kuma rabin zancensa gaskiya ne, natsuwa daga Allah take. Ni ba malama ba ce, allura na iya, amma ina da tambaya ɗaya gare shi. Me ya sa ake zuwa ta'aziyya? Ai da sai a bar wanda aka yi wa rashi shi kaɗai a ɗaki a ce ya nema wajen Allah. Ba a yin haka, sai an je an zauna da shi an ce ya haƙuri, domin ta bakin mutane Allah yake aiko da sanyin. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. A shekarar nan an ɗaure ƙafar, sai 'yan ajinku suka zo miki ta kunne. Karatun da kika saurara a Facebook kuwa shi ne dai tafsirin da aka hana taruwa a masallatai a yi, malamai suka koma yi a rediyo da waya.

Na ga annoba babu waya, don haka na san bambancin. A sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum fiye da 10,000 a ƙasar nan, ina sabuwar hannu a aiki, muna kwantar da yara a ƙarƙashin bishiya saboda ɗaki ya cika. Wayar hannu sai 2001 ta zo. Aminiyata ta rasa ɗanta na fari a wani gari da bai fi tafiyar awa biyu ba, ban ji ba sai bayan sadakar arba'in, a bakin wani direba. Kwana arba'in tana zaton na ji na ƙi zuwa. Har ta koma ga Allah ban tabbata abin ya gama fita daga ranta ba.

Amma ina zargin abin da yake cin ki a rai rashin zuwan nan ne, muryar kawai tana taɓo wajen. Ki saurare ni da kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni cewa in an ji annoba a wani gari kada a shiga, wanda yake ciki kuma kada ya fita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah zai yi? Ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ke ko zaɓi ba a ba ki ba, hanya a rufe, mota babu, miji yana Legas, yara a gabanki. Ba ki yar da uwarki ba.

Sharaɗi ɗaya zan gindaya miki. Ki lura da kanki bayan kin saurara. In kina share hawaye ki yi mata addu'a ki tashi ki hura wuta, to ci gaba, ko ranar Juma'a ki mayar da ita ranar jin muryar Inna. In kuwa duk ranar da kika kunna sai kin yini a kwance, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, kuma shekaru sun tafi a haka, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani kamar hawan jini. Ki je babban asibitin da ya fi kusa ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa min. Gogewa ba za ta warkar da shi ba.

Ga aikin da za ki yi yau, kar ki kai gobe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki danna saƙon ki riƙe, ki tura wa yayanki da wata aminiya, ya zama yana cikin waya uku. Ki sayi mimori a kwafe miki a ciki, ki naɗe shi a takarda ki jefa a ƙasan adaka inda kike ajiye ɗan kunnen aurenki. In kina da adireshin Gmail, a kunna miki ajiyar WhatsApp ta Google Drive. In kuma za a kai wayar gyara Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ko wani waje, ki ja kunnen ɗan aiken kada a yi mata filashin sai an kwashe komai, kuma ya tsaya a kanta har a gama, wayar mace ba ta kwana a shago. Yayan mijinki kuwa ba sai kin sake tayar da zancen a gabansa ba.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo, ina wuni? Ni matashi ne daga wajen Maigatari, ina taya babana harkar awaki. Ni fa abin da ya kwantar min da hankali lokacin kulle shi ne bidiyoyin da ake turowa cewa babu korona, neman kuɗi ne kawai. Kuma ga shi a ƙauyenmu ba wanda ta kashe. Ashe ba mu muka fi ku gaskiya ba, ku ma'aikatan lafiya?

AMSA

Ɗana, lafiya lau, ya Baba, ya kasuwa? Na san abin da ya sa zancen ya yi maka daɗi. Iyaka a rufe tun Agustan 2019, sai kuma kasuwannin mako suka tsaya, akuya tana ci ba a sayar da ita, ga azumi. Tallafin da ake ta faɗa a rediyo da yawanmu a rediyon muka gan shi, sai a watan Oktoba muka ga bidiyon jama'a suna fasa rumbunan ajiyarsa a wasu jihohi. Mai jin yunwa in aka ce masa abin da ya hana shi kasuwa ƙarya ne, dole ya ji sanyi. Ban ga laifinka a nan ba.

Amma ba ku fi mu gaskiya ba. Masu haƙa kabari a Kano su suka fara kuka a watan Afrilu cewa aikin ya fi ƙarfinsu, su kuwa ba wanda ya ba su kwangilar korona. Ɗakin gwajin da ake da shi a Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki a daidai lokacin, saboda haka da yawa an binne su ba a gwada ba. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce bincike ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, ana kyautata zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar, kuma yawancinsu sun haura shekara 65. Ka koma ka karanta wasiƙar da ke sama da taka.

Ƙauyenku kuwa, a ganina abu uku ne suka taru. Rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 20 ba, cutar kuma tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Rayuwarmu a fili take, a gona da inuwar bishiya. Sannan wa ya zo ƙauyenku ya yi gwaji? Ka tambayi Baba tsofaffi nawa aka rasa a bazarar nan aka ce zazzaɓi ne da tari.

Ni ma an turo min su duka. An ce 5G ce ke kawo ta, alhali ba a fara sayar da 5G a Najeriya ba sai 2022, mu da muke rataye waya a bishiya. An ce Madagaska ta gano magani da tazargade, bayan 'yan watanni cutar ta kama su da ƙarfi. Na sha shayin citta da kanumfari da lemon tsami kamar kowa, yana gyara maƙogwaro, iyakarsa ke nan. Su kansu masu WhatsApp a watan Afrilun suka taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa, mai kibiya biyu a kansa, sai dai ka tura wa mutum ɗaya-ɗaya. In ka ga kibiya biyun nan, ka tambayi kanka wa ya fara faɗa, kuma in ƙarya ce wajen wa za ka je ka kama rigarsa. 'Yan ajinmu na san gidan kowacce. Mai bidiyonka fa?

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Ni tela ce a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Lokacin kulle ɗinkin sallah ya tsaya, sai na ga bidiyon wata baiwar Allah a Facebook tana koya ɗinkin takunkumi da ragowar atamfa. Da shi na ciyar da yarana har aka buɗe gari, daga nan na koyi jaka, yanzu ita nake yi. Ina so in gode mata amma na canza waya, sunan shafin ya ɓace min. Ya zan yi?

AMSA

Ƙanwata, Allah ya ƙara buɗi. In asusunki na Facebook bai canza ba, ki sa a duba miki wajen da yake ajiye tarihin abin da kika yi, bidiyon da kika taɓa dannawa alamar so ko kika yi magana a ƙarƙashinsa yana nan, a koma watan Afrilu da Mayu na 2020. In bai fito ba, ki rubuta cigiya a guruf ɗin teloli mata, ki faɗi kalar atamfar da ta yi amfani da ita da irin Hausarta, ta Kano ce ko ta Sakkwato ko ta Damagaram. Mata ba sa manta atamfa. In duk ya gagara, ki sa ta a addu'a, Allah ya san shafinta.

In kin same ta ki gaishe min da ita, ki kuma tambaye ta ko ita ce ta ce a riƙa sa robar wando a kunnen takunkumi, don wata uku na yi bayan kunnena yana ciwo. Jakar kuma a ɗinka min ɗaya mai aljihu uku, na waya da na carbi da na goro, zan biya.